Gwiwar falke ita ce jarinsa

Ƴan'uwa fatake da dillalai, duk kasuwar da muka sauka, daga Badagishiri zuwa Illela, daga Mai'aduwa zuwa Potiskum, sai mu ga dattijo ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Mukan ce sanyi ne. Likitoci kuwa sun ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ke cinyewa. Ba ya komawa yadda yake, amma ana rage ciwon ko ba ƙwaya.

Na fari, kwanciya ba magani ba ce. Gwiwar da ba ta motsi sandarewa take. Mu zauna bisa kujera, mu miƙe ƙafa sambal, mu ƙirga goma, mu sauke. Sau goma kowace ƙafa, safe da marece. Naman cinya in ya yi ƙarfi, shi ke ɗauke wa gwiwa kaya.

Na biyu, teɓa. Duk kilo 1 da mutum ya rage, ya sauke wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taku.

Sanda kuma, in gwiwar dama ke ciwo, a riƙe ta da hagu. In tirela ta tsaya bakin iyaka, a sauko sannu ban da tsalle, a ɗan taka. Wajen ciniki a nemi benci, a bar dogon tsugunno. Da dare a gasa wurin da ruwan ɗumi.

Ƙwayoyin ƴan talla masu kashe zafi, in aka dimance su, suna lahanta ciki da ƙoda. In gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ga masassara, to sai likita.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa.