Gem ma yana tsufa, amma ba kowanne ba

 Yau za mu leƙa duniyar wasannin bidiyo ne, wato gem, amma tsofaffinsu. Me ya sa wasan da a da ake rantsuwa cewa hotonsa ba shi da maraba da fim, yau in an kunna shi sai a riƙe baki, alhali wani wasan da ya girme shi da shekara goma yana nan da kyansa?

A gurguje: na'urorin shekarun 1980 da ɗigo-ɗigo suke zane, launukansu kaɗan ne, ma'ajiyarsu ƙarama. Wasan Super Mario Bros. na 1985, kacokan ɗinsa, bai wuce kilobait 40 ba. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi nauyi sau da yawa.

To, ku saurari abin da wannan ƙunci ya haifar. A 1981 wani mai zane a kamfanin Nintendo na Japan, Shigeru Miyamoto, yana tsara ɗan mutumin da zai fito a wasan Donkey Kong. Tsayin mutumin duka ɗigo 16 ne. Ina za ka sa baki a fuskar da ba ta kai ɗigo goma ba? Sai ya yi masa gashin baki, ya huta. Gashin kai kuma zai buƙaci motsi in mutumin ya yi tsalle, sai ya kifa masa hula. Hannu yana ɓacewa a jikin riga, sai ya sa masa wando mai igiya a kafaɗa, launinsa daban, domin a ga hannun na lilo. Mario ke nan, jama'a. Gashin baki, hula, wando, duk rashin wuri ne ya kawo su. Har ma gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa a wasan 1985 zane guda ne, launi kawai aka sauya, fari a sama, kore a ƙasa. Aikin ya yi kama da ɗinkin hular zanna: mai ɗinki ya san iyakar allurarsa, ya tsara adon daidai da ita, shi ya sa ado ba ya zama tsohon yayi.

Sai aka shiga Disambar 1994, Sony ta fito da PlayStation. Nan aka koma gina mutum da guntayen alwatika, a juya shi ta kowace fuska. Mamaki ya kama duniya. Waɗanda suka yi layi a shagunan gem na Kano da Kaduna da Jos suna buga Winning Eleven za su tuna yadda ake cewa, wallahi ga Roberto Carlos nan sak! Malam, je ka duba yau. Kai ne a aske tal, ga lamba a bayan riga, sauran kuwa zuciyarka ce ta ƙarasa zanen.

Akwai kuma rawar da bango da ƙasa ke yi a wasannin wannan na'ura, wadda a lokacin ba mu damu da ita ba. Dalilinta shi ne na'urar ba ta san rabin ɗigo ba. Duk kusurwar da ta faɗa tsakanin ɗigo biyu, sai ta tura ta zuwa mafi kusa, hoton ya riƙa makyarkyata. Wasannin nan sun yi alƙawarin kama da zahiri, kuma duk na'urar da ta biyo baya ta fi su cika wannan alƙawari. Mario bai taɓa cewa shi mutum ne na gaske ba, saboda haka babu wanda ya zo ya ƙure shi.

Amma kada mu ɗora wa wasannin laifin da ba nasu ba. Rabin hoton yana cikin talabijin ne. Ku ɗauki Sonic the Hedgehog, wanda Sega ta fitar a 1991. A matakin farko akwai ruwa mai kwararowa daga kan dutse, ana hango abin da ke bayansa. Na'urar wasan, Mega Drive, ba ta iya haɗa launuka ta yi irin wannan ruwa garai-garai. Me masu zanen suka yi? Suka ja layi ɗaya na ruwa, suka bar layi ɗaya fayau, haka a jere. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, da wayar nan mai rawayan kai, ita ke dama layukan su narke su zama ruwa. Ka jona wasan a filasma ta yau, wadda ba ta ɓoye komai, sai ka ga zane-zane tsirara. Wasan bai canja ba, talabijin ɗin da aka zana shi dominta ce babu.

Haka hazon wasan Silent Hill na 1999. Konami ta lulluɓe garin da hazo domin na'urar PlayStation ba ta iya zana abin da ke nesa, sai hazon ya zama shi ne abin tsoron. Da aka sake fito da kashi na biyu da na uku a 2012, an rage hazon, 'yan wasa suka fara hango inda aka daina gini. Gyara ya zama ɓarna.

 A taƙaice, Zelda: The Wind Waker ya sha ba'a a 2002 saboda ya zo da siffar katun, yau kuwa yana cikin waɗanda suka fi jure shekaru. Kamfanin Rockstar kuma sai da ya nemi afuwa a 2021 kan sabon zubin tsofaffin wasannin GTA.

Mai tsohuwar na'ura a gida, kafin ka yanke mata hukunci, nemi tsohuwar talabijin ka gwada.