Waƙa Ɗaya, Sigogi da Yawa: Sake Fitar da Waƙoƙin Makaɗan Jita na Sahara

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka ba aikin rubuta matanin waƙar baka yakan ci karo da wata matsala tun kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda, wato wace siga ta waƙar zai ɗauka. Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata ta isa misali, domin ya rera ta a wurare daban-daban, kuma ɗiyan da ke cikin wani kaset ba lallai ba ne a same su a wani. Wannan takarda ta duba matsalar a wajen makaɗan jita na Abzinawa, waɗanda Turawa ke sanya kiɗansu a rukunin rok. An zaɓe su ne saboda kamfanonin faifai sun ba sigogin waƙoƙinsu suna da shekara, don haka bin sawunsu ya fi sauƙi.

2.0 Asalin kiɗan

Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe dabbobin Abzinawan Mali da Nijar, ya kori matasansu zuwa ci-rani a kudancin Aljeriya da yankin Fezzan na Libiya. A Fezzan ɗin ne ake da Gat da Ubari da babban birnin yankin, Sabha, da ƙananan garuruwan da ke kusa da shi irin su Zigan. Yanki ne da fataken Kano suka daɗe da sani a kan hanyar Tarabulus. Waɗannan matasa su ake kira ishumar, kalmar da aka aro daga ta Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta tashi ƙarƙashin Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya shiga horon sojan da Gaddafi ya kira matasan Abzinawa a 1980. A wancan lokaci ba su da kamfanin faifai. Duk wanda ya kawo kaset marar komai sai su rera masa a naɗa, shi kuma ya ba wani ya kwafa. Ke nan tun daga tushe waƙarsu ba ta da siga ɗaya da za a nuna a ce ita ce uwa.

3.0 Sake fitarwa

Sake fitarwa shi ne a ɗauko tsohon naɗi, a tsabtace sautinsa, a buga shi ga sababbin masu saurare ba tare da an canza abin da aka rera ba. A 1991 Tinariwen ta naɗi kundin Kel Tinariwen a Abijan, ya fito a kaset kawai, sai a 2022 aka sake fitar da shi ga duniya. Wanda ya san su ta kundin Tassili, da ya ci lambar Grammy a 2012, zai yi mamakin jin fiyano da gangar na'ura a wannan tsohon aiki. Wato hoton makiyayi da jitarsa a gindin dutse, wanda kasuwar Turai ta fi so, ba shi kaɗai ne tarihin ƙungiyar ba.

Misalin da ya fi kusa da ɗalibin Hausa shi ne na Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, wanda shi ma ya yi ci-rani a Libiya. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Harshen waƙoƙin Tamashek ne, amma kiɗan na situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa ne, da manhajar nan mai lanƙwasa murya. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta bulutut da katin waya har arewacin Mali, sau da yawa ba tare da sunan mai su ba. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya nemo mawaƙin, ya sanya "Tahoultine" a faifan Music from Saharan Cellphones, sannan kamfaninsa Sahel Sounds ya buga Anar a faifan garmaho a 2014. A nan sake fitarwar ba ta taɓa ko kalma ɗaya ba, amma ta mayar wa waƙar da sunan mai ita, da kuma hanyar da zai sami kuɗinta.

4.0 Rimiks

Rimiks kuwa aikin wani hannu ne daban. Ana ba wani masanin kiɗan kwamfuta murya da jita da ganga a rarrabe, ya yanka, ya maimaita, ya ɗora nasa kiɗan. Haka aka yi wa kundin Mdou Moctar na 2021, Afrique Victime, inda makaɗa daga ƙasashen Afirka irin su Kenya da Tanzaniya suka sake masa zubi, aka fitar a 2022 da sunan Afrique Refait. Ga mai rawa abu ne mai daɗi, amma ga mai nazarin harshe amfaninsa kaɗan ne, tun da ana iya sare jimla a tsakiya a yi ta nanata gaɓa ɗaya. Ba a kafa hujjar nahawu da irin wannan siga.

5.0 Sake rerawa

A nan ne aikin ɗalibi yake da yawa, domin mawaƙin ne da kansa ya koma ga waƙarsa. A ɗauki "Imouhar", wadda Mdou Moctar ya yi kira a cikinta ga 'yan'uwansa da su riƙe harshensu kada Faransanci ya cinye shi. Ta fito a Niger EP Vol. 1 a 2022, tsawonta kimanin minti 13, da gangar na'ura. Ta sake fitowa a Funeral for Justice a 2024, ta gajarta, jitar lantarki na ruri. Sai kuma ga ta a Tears of Injustice a 2025 da jita marar lantarki.

Siga ta ukun tana da labari. Ƙungiyar na rangadi a Amurka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. A cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyo a New York suka sake rera waƙoƙin kundin, daga baya aka naɗo muryoyin 'yan amshi a Nijar aka haɗa. Jigon "Imouhar" bai canza ba, amma abin da ya fito da kamar tsawa a siga ta biyu ya koma kamar kuka a ta uku. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa jin makaɗin fada ya rera waƙa ɗaya a gaban sarki, ya kuma rera ta a gidan rediyo.

Saboda haka idan ɗalibi zai kawo ɗan waƙa a cikin aikinsa, sunan waƙa da na mawaƙi ba su wadatar ba. Sai ya faɗi kundin da ya saurara, da shekarar naɗi, da shekarar fitowa, tun da a Kel Tinariwen shekara 31 ce tsakanin naɗinsa da sake fitowarsa. Idan kuma daga katin waya ya samo ta, kamar yadda aka fara samun "Tahoultine", sai ya rubuta garin da ya kwafo ta da ranar da ya kwafa.