Binciken cututtukan dawaki: daga mujalla zuwa turke a Matameye

A ƙasar Kance doki darajar gida ne. Shi sarakuna ke hawa ranar Salla, shi ake tarbar manyan baƙi da shi, ɗan'uwansa jaki kuwa shi ke kai ruwa da hatsi kasuwa. Matameye tana kan babbar hanyar da ta fito daga Damagaram, ta bi Ɗan Barto, ta nufi Daura da Kano. Bisashe na ratsa ta dare da rana, cuta kuma takan biyo su, don ita ba ta san iyaka ba.

An ga haka a ƙarshen 2018 da farkon 2019, lokacin da wata annoba mai tari da majina da zazzaɓi ta faɗa wa Sakkwato da jihohin Nijar, ta halaka dubban jakuna, ta kwantar da dawaki. Sai da aka ɗebi majinar dabbobin aka auna a ɗakunan bincike, sannan aka tabbatar murar dawaki ce, irin da masana ke kira H3N8. Suka buga sakamakon a mujallun likitancin dabbobi.

Wannan aiki yana da dogon tarihi. A Afirka ta Kudu, masanan cibiyar Onderstepoort sun samar da allurar rigakafin wata muguwar annobar dawaki a shekarun 1930. A 1944 suka gano cewa ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, waɗanda sauro ya fi girma, su ke yaɗa ta. Ke nan mai doki da ya shigar da dabbarsa barga kafin faɗuwar rana da damina, ya kuma turara hayaƙi, ya rage mata haɗari. A Faransa an fara buga mujallar kiwo da likitancin dabbobin ƙasashe masu zafi a 1947, a Dakar kuma aka kafa makarantar likitocin dabbobi a 1968, inda ƴan Nijar da dama suka yi karatu.

Sai dai yawancin wannan ilimi da Faransanci da Ingilishi yake, kuma mujallun Turai sun fi maida hankali ga dawakin sukuwa bisa ga dokin ƙauye da jakin talaka. Gyaran yana hannu biyu. Masu dabbobi su gaggauta sanar da ma'aikatan kiwo da zarar doki ya ƙi ciyawa ko ya fara tari, su ware shi daga sauran, domin a aika samfuri ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai. Masana kuma su dawo da abin da suka gano cikin Hausa, ta rediyo da bakin masu allurar dabbobi, har ya kai ga mai shara da ba doki dusa a kowane turke na Matameye.