Rage Nauyi Ko Ƙara Ƙarfin Inji: Wanne Ya Fi Amfani Ga Babur?

Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kamar sauran yankunan karkara na kudancin Jihar Sakkwato, babur ya karɓi aikin da jaki da keke suka daɗe suna yi. Shi ke kai manomi gona, ya fito da gero da shinkafa kasuwa, ya kai mara lafiya asibiti, kuma da shi ɗan kabu-kabu yake ciyar da iyalinsa. Idan babur ya fara nishi a kan tudu ko cikin yashi, sai shawara ta rabu biyu. Wasu su ce a kai shi wurin makaniki ya ƙara wa injin ƙarfi, wasu kuma su ce a cire madubai da murfuna domin ya yi sauƙi. Kimiyya tana da amsa, kuma ɗalibin sakandare yana iya gano ta da alƙalami da takarda.

Ƙa'idar Newton da ƙarfin doki

A shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana ƙa'idojin motsi guda uku. Ta biyu tana nuna cewa saurin tashin abu ya dogara ne ga ƙarfin da ke tura shi da kuma nauyinsa. Idan ƙarfin bai canja ba amma nauyi ya ninka, saurin tashi zai koma rabi. Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt ya fito da shi, wanda ya yi daidai da wat 746. Don haka masana ba sa duban ƙarfin inji shi kaɗai. Tambayar da suke yi ita ce: kilo nawa kowane doki ɗaya yake ja?

Lissafi a kan hanyar kasuwa

A ɗauki babur mai si-si 100, irin Bajaj Boxer da ya cika garuruwan yankin. Nauyinsa kimanin kilo 110 ne, ƙarfinsa kuwa kimanin doki 8. Idan matuƙi mai kilo 65 ya hau, nauyi ya zama kilo 175, wato kowane doki yana jan kusan kilo 22. Idan aka ƙara fasinja mai kilo 65 da buhun gero mai kilo 100, nauyi ya kai kilo 340, kowane doki kuma yana fama da fiye da kilo 42.

Yanzu sai a gwada shawarwarin. Wanda ya cire madubai da murfuna da wuya ya rage fiye da kilo 5, wanda bai kai kashi 2 cikin ɗari na kilo 340 ba. Babur ba zai ji bambanci ba, matuƙin kuwa ya rasa abin da zai hango motar da ke bayansa. Wanda ya ɗaga ƙarfin injin zuwa doki 10 ya mayar da rabon kowane doki kilo 34. Amma wanda ya sauke buhun, bai kashe ko kwabo ba, ya mayar da shi kilo 30. Ashe ke nan nauyin da ke wahalar da babur yana cikin lodin da aka ɗora masa, ba cikin sassan jikinsa ba.

Iska da yashi

A kan kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega, abin da ke taƙaita ƙarshen gudun babur shi ne turjiyar iska. Idan gudu ya ninka, turjiyar iska tana ninkawa sau 4, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuwa sau 8. Saboda haka ƙarin doki 2 a kan 8 ba zai ƙara gudu da fiye da kashi 8 cikin ɗari ba. Babur mai yin kilomita 80 a awa zai koma yin kimanin 86, a bakin ƙarin man da zai sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai sana'a.

A hanyoyin ƙauyukan Kebbe kuwa, inda ake haɗuwa da yashi da rani da laka da damina, nauyi ne ke mulki. Taya mai ɗauke da lodi tana nutsewa, kuma idan ta nutse, ƙara wuta ba abin da zai haifar sai ta yi ta juyawa tana haƙa rami.

Batun birki

A nan ne maganar ta shafi rai. Ƙara wa inji ƙarfi yana taimakawa wajen tafiya ne kawai, ba ya taimakawa wajen tsayawa. Mafi yawan makamashin da ke cikin babur mai gudu, birki ne zai mayar da shi zafi idan aka zo tsayawa da gaggawa. Makamashin yana tafiya daidai da nauyi, don haka babur mai kilo 340 yana ɗora wa birkinsa kusan ninkin aikin mai kilo 175. Idan kuma gudu ya ninka, aikin ya ninka sau 4. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar birki da taya da sarƙa yadda suke, ya ƙara abin da ke kai shi ga haɗari, bai ƙara abin da zai cece shi ba. Masu shirya gasar tseren babura ta duniya, MotoGP, sun san darajar rashin nauyi. A shekarar 2024 dokarsu ta hana babur ya gaza kilo 157, don kada wani ya rinjayi abokan gasarsa ta wannan hanya.

Darasi daga tsuntsaye

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san wannan ƙa'ida a jikin tsuntsu. Shaho da tattabara ba su da haƙora, ba su da mafitsarar tara fitsari, kuma a yawancin tsuntsaye mace tana da ma'ajiyar ƙwai ɗaya ce mai aiki, ta ɓangaren hagu. Duk wannan rage nauyi ne. A ɗaya gefen, tsokar ƙirji da ke kaɗa fukafukai ita ce mafi girma a jikinsu. Ƙarfi da sauƙin jiki sun zo a tare, kuma ƙashi da zuciya da huhu duk sun dace da aikin. Babur mai babban inji ma haka yake: masana'anta tana ƙera birkinsa da ƙarafunansa daidai da ƙarfinsa.

Kammalawa

Mai buƙatar ɗaukar kaya masu nauyi kullum, abin da ya dace da shi shi ne babur da aka ƙera don hakan, ko ya raba kayan sawu biyu, domin sannu ba ta hana zuwa. Kafin a taɓa inji kuma, ya kamata a dawo da ƙarfin da ya ɓace: a wanke matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, a sa wa sarƙa mai, a cika iskar taya yadda masana'anta ta tsara. Malamai suna iya ba ɗalibai aikin auna nauyin kayan da ake ɗora wa babur a garinsu, su raba da ƙarfin dokinsa, su kawo sakamakon aji a tattauna.