Mai Juna Biyu da Kwaɗayin Abu Mai Sanyi: Haɗa Ayis Kirim Mai Gishiri-Gishiri a Gida

Da zarar zafi ya kankama a watannin Maris da Afrilu, akwai tambayar da ba ta wuce mu a ɗakin awon ciki. Mace za ta bari sai an gama auna ta, ta gyara mayafinta, sannan ta rage murya ta ce, "Sista, ni fa ba abin da raina yake so sai abu mai sanyi. Ko zan iya shan ayis kirim? Uwar maigidana ta ce sanyi yana sa ɗa ya yi ƙato a ciki."

Bari mu fara da maganar sanyin. Duk abin da kika sha, da ya isa tumbinki jikinki zai ɗumama shi, kuma jaririn da ke cikinki ta mabiyiya da cibiya yake samun abincinsa, ba ta maƙogwaronki ba. Saboda haka sanyi ba ya sa ɗa ƙato. Abin da ke iya sa shi girman da ya wuce kima, wato fiye da kilo 4, shi ne yawan sukari a jinin uwa, musamman idan tana da ciwon sukari na masu juna biyu. Ke nan abin lura a ayis kirim shi ne abin da aka zuba a ciki, da kuma hannun da ya bi kafin ya iso bakinki. Dalilin da ya sa nake ba mata shawarar su haɗa nasu a gida ke nan.

ME YA SA NA GIDA YA FI?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa daskarewa tana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashewa, kwantar da su kawai take yi. Akwai ma wata ƙwayar cuta mai suna Listeriya wadda ke ci gaba da hayayyafa a cikin sanyin firji. Lafiyayyen mutum zai iya cin ta ya yi ɗan zazzaɓi ya warke, amma mai juna biyu ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita har kusan ninki 10, kuma tana ratsa mabiyiya ta kai ga jariri. Tana haddasa ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifi ɗa babu rai, alhali uwar ba ta ji komai ba sai ɗan ciwon jiki kamar na mura. A shekarar 2015 an gano wannan ƙwayar cuta a ayis kirim na wani babban kamfani a Amurka, har mutum 3 suka rasu a jihar Kansas. Kafin nan, a 1994, an ƙiyasta cewa mutum 224,000 ne suka kamu da cutar Salmonela a ƙasar, domin tankar da ta ɗauko haɗin ayis kirim ta riga ta yi dakon ruwan ɗanyen ƙwai.

To, idan haka ta faru a inda wutar lantarki ba ta cika yankewa ba, ina ga wanda ya wuni a akwatin mai keke cikin rana, ya narke, aka mayar da shi firiza da daddare, gobe aka sake fito da shi? Ba cewa nake yi duk na kasuwa gurɓatacce ne ba. Na kamfani da ke rufe ruf, a daskare kamar dutse, wanda kwanan watansa bai wuce ba, babu laifi. Amma wanda ake tatsowa daga inji a zuba a ɗan kofi, da wanda ake ƙullawa a leda ba a san ruwan da aka yi shi da shi ba, ki haƙura da su sai kin sauka.

KAYAN HAƊI DA YADDA AKE YI

Haɗa zaƙi da gishiri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wadda ta taɓa cin dabino da gyaɗa mai gishiri ta san daɗin. Turawa kuwa sun fi sanin wannan ɗanɗano daga yankin Biritani na ƙasar Faransa, inda wani mai yin alawa, Henri Le Roux, ya fito da alawar ƙonannen sukari da man shanu mai gishiri a 1977. Amfanin gishirin a nan shi ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yana danne ɗaci ya fito da zaƙi, don haka sai ki rage sukari ba tare da abin ya yi salam ba.

Don mutum huɗu, ki tanadi madara rabin lita, wato kofi biyu na shayi manya. Idan ta gari ce, ki dama babban cokali 8 a ruwan da aka tafasa. Sai sukari babban cokali 4, garin kwastad babban cokali 1, da gishiri mai sinadarin aidin rubu'in ƙaramin cokali. Za ki lura ban ambaci ƙwai ba. Da gangan ne. Yawancin masu koyar da wannan haɗi suna sa ƙwanduwa don ya yi kauri, wasu ma ɗanya, mu kuwa kwastad ya ishe mu.

Idan madarar shanu ce aka tatso aka kawo miki, lallai ne ki tafasa ta sosai kafin komai, ko da kin yarda da tsabtar mai kawowar. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da Listeriyar da muka ambata, da tarin fuka na shanu, da ƙwayar Burusela mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Wannan daga jikin dabbar ne ko wurin tatsa, wanke ƙwarya kaɗai ba ya maganinsa.

Ki zuba sukarin a busasshiyar tukunya mai kaurin gindi, ki ɗora a wuta marar ƙarfi. Zai fara narkewa daga gefe. Kada ki matsa ko'ina, domin tsakanin launin zuma da baƙi ƙirin 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Da ya yi launin zuma, ya fara ƙamshi irin na gullisuwa, ki sauke, ki riƙa zuba madarar da ɗuminta kaɗan-kaɗan da ludayi mai dogon hannu. Zai yi tsartuwa ya tashi da tururi, saboda haka ki janye fuskarki da cikinki, a kuma kori yara daga madafa. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya taɓa fata mannewa yake yi. Idan kika ga sukarin ya dunƙule kada ki damu, ki mayar wuta kina juyawa, zai narke. Daga nan ki dama kwastad ɗin da ɗan ruwan sanyi, ki zuba, ki ci gaba da juyawa har ya tafaso ya yi kaurin da zai rufe bayan cokali. Sai ki sa gishirin. Ki rufe tukunyar, ki tsoma gindinta a baho mai ruwan sanyi don ya huce da wuri. Kada ya wuce awa ɗaya a ajiye a waje a lokacin zafi.

Mai firiza sai ta juye a roba mai murfi ta saka, ta riƙa fito da shi duk bayan kamar minti 40 tana bugawa da cokali mai yatsu, sau uku ko huɗu. Bugun ne ke farfasa ƙanƙarar ya sa ya yi laushi. Mai so za ta iya barbaɗa dakakkiyar soyayyar gyaɗa a kai, bayan ta tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi.

IDAN BABU WUTA FA?

A nan gishiri yake yin aikinsa na biyu, kuma wannan dabara ta girmi firiza. Tun a 1843 wata mata 'yar Amurka, Nancy Johnson, ta yi rajistar na'urar ayis kirim da ake juyawa da hannu, wadda ƙanƙara da gishiri ne kaɗai ke sanyaya ta. Ƙanƙara zalla tana narkewa ne a digiri sifili, kuma wannan sanyin bai isa ya daskarar da madara mai sukari ba. Amma idan aka cuɗa ta da gishiri, sanyin yana sauka ƙasa da sifili sosai, har yana iya kusantar na firiza.

Ki zuba haɗin, bayan ya huce sarai, a leda mai kauri mai tsabta, ki fitar da iska ki ƙulle, ki ƙara saka ta a wata ledar. Kada ki cika ta. Gara ki raba biyu. A farfasa ƙanƙara kamar kofi 6, a zuba a roba mai murfi ko ƙaramar kula, a barbaɗa gishiri kofi ɗaya, a binne ledar a tsakiya, a rufe, a yi ta girgizawa minti 10 zuwa 15. Wannan aikin na maigida ne ko manyan yara, ke ki zauna ki huta. A naɗe robar da tawul, domin sanyin yana ƙona hannu. Kafin a kwance ledar a ɗauraye bayanta da ruwa mai tsabta, in ba haka ba ruwan gishirin ya shiga ya ɓata wahalar. Ita kuwa ƙanƙarar kasuwa aikinta a waje ya tsaya, ba a san ruwanta ba, kada a tsotsa.

Ki yi daidai wanda za a shanye a ranar. Idan an ɗauke wuta ya narke ya koma ruwa, zubarwa za a yi, ba a mayar da shi firiza. Na san zubar da madara da ciwo a wannan lokaci na tsadar kaya, shi ya sa na ce a yi kaɗan.

NAWA ZA KI SHA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da na miya da na dunƙulen ɗanɗano. Sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ma an tsaya a 6 ya fi. A wannan haɗin, rabon mutum ɗaya yana da sukari ƙaramin cokali 3, gishirin kuwa bai kai rabin giram ba. Ƙaramin kofi ɗaya bayan cin abinci, sau ɗaya ko biyu a mako, ya wadatar. Wadda aka gano tana da ciwon sukari, ko wadda awon jininta ya kai 140 bisa 90, ta tambayi likitanta tukuna. Kada kuma a ɗauka cewa musanya sukari da zuma ko dabino ya raba gardama, su ma zaƙi ne.

Abu biyu ga iyali. Duk da yana da gishiri da sukari, wannan ba shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa ba, kuma ba ya maye gurbinsa. Sannan ba a lasa wa jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa zalla ne abincinsa.

Kada ki sha maganin ƙarin jininki tare da ayis kirim, ko madara, ko shayi, domin suna hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin. Ki ba da tazarar kamar awa biyu. Idan kuwa kika ga ba zaƙin ne ya dame ki ba, ƙanƙarar kanta kike so ki yi ta gurgura daga safe har dare, ko ranki yana biya miki farar ƙasa, to wannan ya wuce kwaɗayin ciki. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, musamman idan tana tare da jiri, kasala da haki. Kada ki ji kunya, ki faɗa wa ungozoma ranar awo domin a duba jininki.