Amsoshin Wasiƙunku: Ƙarin Kwanaki Kafin Umra Da Bayanta

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a yankin Ɗambatta, wanda kuma yake taɓa fataucin hatsi. Ya ce ya yi niyyar zuwa Umra tare da ayarin wani kamfanin jirgin yawo na kwana 14, amma yana so ya ƙara wasu kwanaki na kansa. Tambayarsa ita ce, yaya zai tsara abin?

To malam, mun gode da wasiƙa. Da farko ka sani kuɗin da za ka biya na kwanakin ayari ne kawai, wato masauki da mota da jagora. Duk kwanan da ka ƙara, daga aljihunka zai fita. Don haka ka faɗa wa kamfanin tun kafin a yanki tikiti, domin canja rana daga baya sai da ƙarin kuɗi, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Ka kuma tabbata kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON.

Kwanakin kafin tafiya, a gida ya fi kyau ka kashe su. Allurar sanƙarau ana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Ka riƙe katin allurar shawara, fasfo kuma ya zama da sauran wata shida ko fiye. Ka iso Kano kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, don mota na iya lalacewa a hanya, kuma jirgi ba ya jiran kowa. In lokacin hunturu ne, hazo kan sa a ɗaga tashi, sai ka tanadi kuɗin kwana.

Amma batun ka riga ayari isa can, in wannan ne zuwanka na fari, ba mu ba ka shawara ba. Babu mai tarbarka a filin jirgi, ga harshe ba naka ba. Sannan ga maganar harami: wanda ya nufi Makka kai tsaye tun a cikin jirgi yake ƙetare miƙati, wanda ya fara da Madina kuwa a Zul Hulaifa zai ɗaura. Wannan wuri ne da mutum yake bukatar malamin ayari.

Bayan an kammala, nan ne ƙarin kwana yake da amfani. Kwana uku ko huɗu sun isa ka huta, ka ƙara ibada, ka yi tsaraba. Makka zuwa Jidda kimanin kilomita 80 ne. Makka zuwa Madina kimanin kilomita 450, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramain da ke yin tafiyar cikin sa'a biyu da 'yan kai. In za ka sayi kaya a kasuwar Balad ta Jidda, fara duba nauyin da tikitinka ya yarda, kada kuɗin awo ya cinye ribar.

Sai babbar magana, wato biza. A 2022 Saudiyya ta ƙara wa'adin bizar Umra daga kwana 30 zuwa 90, amma abin da aka rubuta a taka shi ne hujja. Haka kuma kowace shekara akan sa ranar da masu Umra za su fice kafin aikin Hajji. A 2025 ranar 29 ga Afrilu ce. Wanda ya zarce wa'adi yana fuskantar tara da kora da hana shi komawa, kamfanin da ya kai shi ma zai shiga uku. Saboda haka kada ka sulale daga ayari ba da saninsu ba.

A ƙarshe, kada ka sa biki ko alƙawarin ciniki washegarin dawowarka. Bar kwana biyu ko uku, don jirgi kan yi jinkiri, jiki kuma yana son hutu. In tafiyar ta kusa da faɗuwar damina, ka bar iri da taki a hannun wanda ka amince da shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Sai mun ji daga gare ku.