Ƙaramar Mota Mai Injin Jet: Ina Sirrin Yake?

Sirrin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare a 'Yankwashi ko Kazaure ba. Masu ƙere-ƙere a Ingila da Amurka kan ciro turbo daga tsohuwar babbar mota, su jona masa bututun ƙona mai. Farfelar gaba ta zuƙo iska ta matse, mai ya kama wuta, iskar mai zafi ta juya farfelar baya, kana ta fice da ƙarfi, motar kuwa ta yi gaba. Dokar Newton ta uku ke nan, ta shekarar 1687. Sai dai farfelar in ta tarwatse tana kisa. Saboda haka malamai su fara da balan-balan: a hura, a ɗaura bisa motar kara, a saki.